Hakkin Tsofaffin Tashoshin Jirgin Ƙasa

Tsakanin Zariya da Kano, tafiyar kusan mil 90 a kan dogo, akwai waɗansu ƙananan tashoshi jere bi da bi kamar ƙwayoyin tasbaha. Akwai Likoro cikin ƙasar Kudan, da Gimi cikin ƙasar Makarfi, sa'an nan in an shiga ƙasar Kano a iske Dangora da Madobi da Calawa. Dogon da ya ratsa su ya isa Kano tun 1911, watau yau ya haye shekara 110. Duk dattijon da aka haifa a Gazara, ko Gubuci, ko Hunkuyi, ko Ikara, ya san zamanin da in an ce mutum zai yi doguwar tafiya, to, tasha zai nufa da ƙunshin guzurinsa, ya shimfiɗa buzu a inuwa ya jira kukan jirgi.

Wannan zamani ya shuɗe. Fasinja sun koma kwalta, kaya sun koma bayan manyan motoci, jirgi ya yi wuyar gani a tsohon layi. Gine-ginen Reluwe kuwa, a wurare da yawa na ƙasar nan, sun zama abin tausayi. Kwano ya yi tsatsa, iska ta yaye wani, gara ta ci katako, awaki sun gaje baranda. Jaridu sun sha kawo labarin an kama mutane da motoci shaƙe da ƙarafan dogo, sun yanko za su kai wa 'yan gwangwan. Abin mamaki shi ne, ba a cika jin wanda abin ya dama ba. In aka ta da zancen, sai a sami mutane iri uku, kowa da hanzarinsa. Na farko ya ce kayan Nasara ne, su tafi inda mai su ya tafi. Na biyu ya ce ai sabon layi na nan tafe, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na uku ya ce babu kuɗi. Dukansu uku sun yi kuskure, kuma ya kamata a bi maganarsu ɗai ɗai a warware, tun ginin yana tsaye, domin gardama a kan kufai ba ta da amfani.

A fara da mai cewa kayan Nasara ne. Gaskiya ne Turawa suka yi shawarar dogon, kuma don amfanin kansu suka yi ta. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Gwamna Lugga a 1907, shi kansa injiniyan dogo ne, kuma a zamaninsa aka soma aikin daga Baro, a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafa lokacin da ruwa ya cika. Daga can aka jawo layi mil 356, ta Minna da Kaduna da Zariya, har Kano. Babban burin masu masaƙu na Ingila a lokacin shi ne audugar ƙasar Hausa. Duk wannan ba mai musu.

Amma fa a tambaya, wane ne ya haƙa? Turawan da suka tsaya kan aikin 'yan ƙalilan ne, aikinsu awo da duba takarda da ba da umurni. Waɗanda suka sare dajin, suka fasa fako da diga, suka cika kwari da ƙasar da suka ɗauko a ka, suka jera ƙarafa cikin zafin bazara, talakawan ƙasar nan ne. Yadda ake samo su kuwa sananne ne. Razdan ya gaya wa Sarki yawan mutanen da ake so, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya aika wa dagatai, dagaci ya bi gida gida. Wanda aka nuna ba shi da ikon cewa a'a, ko da gonarsa na jiran huɗa. Ana biyansu da kuɗin ƙarfe, ba shakka, amma kuɗin nan su ne kuma ake karɓewa wajen haraji. Hatsin da lebura suka ci ma daga rumbunan ƙauyukan da ke kusa da layi ya fito. Abin ya girgiza ƙasar Zazzau har Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya tsara waƙa a kansa, ita ce ake kira Waƙar Diga.

To, in haka ne, gadon wane ne? A shari'ar hankali, ginin da gumin kakan mutum ya jiƙa ƙasarsa, jikan yana da rabo a ciki. Baturen da ya zana taswira ya koma garinsu tun tuni, ya mutu, jikokinsa ba su san inda Gimi take ba. Jikokin waɗanda suka ɗauki kwandon ƙasa kuwa suna nan a Gazara da Likoro da Paki, suna noman rake. Wanda ya ce a bar tasha ta rushe don haushin Nasara, bai cuci Nasara da kome ba. Shaidar wahalar kakansa ya shafe da hannunsa, har wata rana yaro ya ji labarin aikin diga ya ɗauka tatsuniya ce.

Mutanen Indiya sun daɗe a hannun Ingilishi, sun kuma san ɗacinsa. Babbar tashar Bombai, wadda aka gina da sunan Sarauniya Victoria, da suka sami mulkin kai ba su rushe ta ba. A 1996 suka tuɓe mata wancan suna suka sa mata na Shivaji, jaruminsu, a 2004 kuma aka sa ta cikin jerin kayan tarihi na duniya, ga ta nan har yanzu tana ɗibar ma'aikata safe da yamma. A nan gida ma akwai misali. 'Yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga, wadda aka ciro daga Zungeru aka kafa a Kaduna, tun 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin da doka ta tsare, lokacin Sardauna yana Firimiya, ana tsakiyar neman mulkin kai. Mutanen wancan zamani sun ga mulkin Turawa da idonsu, sun fi na yau dalilin jin haushi, amma ba su huce a kan ƙarfe ba.

Sa'an nan a dubi ginin kansa, gama mai raina shi yawanci bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Da farko ya kamata a san abin da ya sa aka dasa tasha a inda babu babban gari. Dogon guda ne tilo. Jirgin da ya taso daga Kano da wanda ya taso daga Zariya ba su da yadda za su wuce juna sai a inda aka yi wa dogon reshe, ɗaya ya raɓe, ɗaya ya shige. Don haka bayan kowane mil 10 zuwa 15, ko kusa da haka, sai an yi reshe, an sa mutum ya tsare shi, an ja masa waya don ya yi magana da tashar gaba da ta baya. Direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai shugaban tasha ya miƙa masa wata 'yar sandar ƙarfe, ita ce shaidar cewa hanyar tasa ce shi kaɗai har ya kai gaba. Kan jirgi na wancan zamani kuma da gawayin Inugu da ruwa yake tafiya, shi ya sa ake ganin manyan tankuna bisa dogayen ƙafafu a waɗansu tashoshi. Sai a 1955 aka fara kawo masu shan man dizal. Kowane abu da ke farfajiyar tsohuwar tasha yana da dalilinsa, kuma wanda ya iya karanta shi zai karanta yadda aka yi tafiya a ƙasar nan shekara da shekaru.

Tsarin ginin irin na Reluwe kusan ɗaya ne ko'ina a layi, kuma ba shi da ƙawa mai yawa, sai dai hikima. Ana ɗaga harsashi sama da ƙasa, don kada ruwan damina ya kwanta a gindin bango, don kuma a ga hanyar gara tun ba ta kai katako ba. Bango ana yi masa kauri, yadda zafin rana ba ya ratsa shi kafin la'asar. Rufin kwano ana yi masa tsayi da gangare, a sa masa rufin ciki, iska mai zafi ta taru can sama nesa da kan mutane. Bakin kwanon kuma ana zarce da shi waje sosai, ya zama baranda mai faɗi tana fuskantar dogo, ta tsare bango daga rana da feshin ruwa, ta kuma zama inuwar masu jira. Ƙofa tana kallon taga, iska ta shiga nan ta fita can. Ga 'yar tagar tikiti da ƙarafanta, ga ɗakin waya, ga allon da ke ɗauke da sunan gari. In akwai sito, ana ɗaga daɓensa ya yi daidai da cikin tarago, ɗan dako ya shiga da buhu ba tare da ya hau ko ya sauka ba. A bayan tasha ga gidajen ma'aikata, ga itatuwan mangwaro da maɗaci da darbejiya waɗanda wani akawu da ba a san sunansa ba ya dasa, wasu suka sha inuwa.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga magina na ƙasar Hausa. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara da bakan gizo ya yi aikinsa, maginin Reluwe kuwa da bulo da ƙarfe da kwano. Kayan aikinsu dabam, amma tambayar da suka amsa ɗaya ce, watau yaya za a yi ɗaki ya yi sanyi a ƙasar da rana ke da ƙarfi, ba tare da wata na'ura ba? Dukansu sun amsa da kaurin bango, da tsayin rufi, da inuwa a bakin ƙofa. Barandar tasha 'yar'uwar zaure ce, wurin da baƙo ke zama ba a tambaye shi dalili ba.

A kwatanta wannan da abin da ake ginawa yau da kuɗin jama'a. Bulo mai rami siriri kamar faifai, rufi a dab da ka, gilashi faɗin bango yana fuskantar yamma, babu baranda, babu itace. Ran da aka buɗe shi ana ta tafi, don na'urar sanyi na aiki. Ran da wuta ta ɗauke, man janareta ya ƙare, sai ma'aikata su kwaso kujeru su fito gindin bishiya, in akwai. Ginin da ya shekara 80 ko 100 yana ba da sanyi kyauta, shi ne malamin da ya kamata a kai ɗalibai su yi karatu a gabansa. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya bari malamin nan ya faɗi, ya yi asarar darasin da ba a rubuta shi a littafi ba.

Wani zai ce, ai ginin nan da ake yabo shi ne kuma ginin wariya. Wannan ma gaskiya ne, ba a ɓoye ta. A manyan tashoshi akwai ɗakin jira na masu tikitin daraja ta ɗaya, da kujeru da labule, yawancinsu Turawa, talaka mai tikitin daraja ta uku kuwa yana waje a kan daɓe da kayansa. Garin Zariya kansa tasha ce ta sake masa fasali. Birni yana can cikin ganuwarsa, Turawa suna Bariki, ma'aikatan Reluwe da 'yan kasuwa baƙi aka yanka musu Sabon Gari, kantunan kamfanoni suka jeru kusa da dogo, har yau unguwar da ake kira PZ sunan ɗaya daga cikinsu take ɗauke da shi. To, amma wannan dalili ne na tsare ginin. Malamin tarihi zai yi ta bayanin mulkin mallaka a aji yara suna hamma, amma ran da ya kai su ya nuna musu ƙofar da kakansu ba shi da ikon shiga, ran nan za su gane. Ba a kashe mai shaida don shaidarsa ta yi ɗaci.

Kuma ko da yake don kwasar amfanin gona aka shimfiɗa dogon, mutanen ƙasa ba su zauna sun zuba ido ba. Turawa sun sa rai ga auduga, sai manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, suka juya gare ta tun daga 1912, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar Kano, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Ƙasar Zazzau ta riƙe audugarta. Ƙananan tashoshi suka zama wurin sikeli da 'yan baranda da 'yan dako, mata suna sayar da fura da ƙosai da rake ta tagar tarago, wasiƙa tana sauka, almajiri yana hawa zuwa gabas, maniyyaci yana bankwana da dangi. Abin da aka kawo don a ci da su, sai da suka san yadda suka ci da shi. Wannan ma tarihi ne, kuma a tasha aka yi shi.

Sai mutum na biyu, mai cewa sabon layi na tafe. Madalla da sabon layi. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, an aza harsashin na Kaduna zuwa Kano a 2021, haka kuma na Kano zuwa Maraɗi a wannan shekara. Ba mai hankalin da zai ƙi su. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, faɗin tsohon dogo ƙafa 3 ne da inci 6, na sabo kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, don haka jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Sabon layi hanyarsa dabam, tashoshinsa dabam, kuma akan kai su bayan gari, kamar yadda aka yi a Rigasa da Idu. Na biyu, jirgi mai gudu ɗabi'arsa ce ko'ina a duniya ya riƙa tsallake ƙananan wurare, gama in ya tsaya a kowane ƙauye ya daina zama mai gudu. An yi shi don mai zuwa Abuja da jakar takardu. Manomin Gazara da ke da kurar rake, ko buhunan masara, ko kwandunan tumatir da ba su jure kwana biyu a rana, abin da zai gani na sabon jirgi shi ne ƙurarsa.

Abin da mutumin karkara ke bukata shi ne jirgin gajeren zango, mai tashi da safe ya komo da yamma, mai tsayawa a kowace tasha, mai araha. Ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara ƙasar rake ce da mazarƙwaila da tumatir da hatsi, kaya masu nauyi waɗanda kuɗin mota ke cinye ribarsu. Ga ɗalibai masu zuwa Zariya, ga marasa lafiya masu neman asibitin Shika, ga 'yan kasuwa masu sammakon Kano. Daga tashar Zariya kuma akwai reshen da ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda tun 1929, wanda ya bi ta Samaru, har unguwar Hayin Dogo ta sami sunanta daga gare shi. Hanya tana nan a shimfiɗe, filin yana nan, tashoshin suna nan a inda mutane suke. Abin da wasu ƙasashe ke kashe dukiya mai yawa su saya, su rushe gidaje kafin su samu, a nan an gada kyauta, ana kuwa barinsa ga ciyawa.

Kada a ce ba shi yiwuwa. A watan Disamba na 2012, bayan gyara, jirgin fasinja ya sake tasowa daga Ikko ya iso Kano a kan wannan tsohon dogo. Mutanen Ikko kuma a 2024 suka buɗe jirginsu na cikin gari daga Agbado zuwa Oyingbo, a kan hanyar Reluwe da ke nan tun da. Da can akan ce sha'anin dogo na Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai, jiha ba ta da ta cewa. Wannan hanzari ya faɗi a watan Maris na 2023, sa'ad da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Saura niyya. In kuwa aka bari tashoshi suka rushe, aka yanka filinsu fuloti fuloti, aka kwashe ƙarafan, to, ran da niyyar ta zo za a tarar babu inda za a aza ta.

Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce kawai, ya tuna da ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukur don ɗaukar kuza. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, an gama shi a 1914, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre. A 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafan. Yau a tara samarin Soba a tambaye su ta ina jirgi ya bi a garinsu, a ga nawa za su iya nunawa. Wanda ke son ganin abin da ya saura sai ya tafi gidan tarihi na Jos, inda aka ajiye kawunan jirgin. Layi guda mai tsawon fiye da mil 100 ya ɓace cikin rayuwar mutum ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ingilishi da kansu sun yi wannan wauta sun yi nadama. A 1961 zuwa 1962 suka rushe babbar ƙofar tashar Euston a Landan, da sunan zamani, mutane suna kuka ba a saurare su ba. Da aka juyo kan maƙwabciyarta St Pancras, sai jama'a suka tashi tsaye, a 1967 doka ta tsare ta. Shekara 40 bayan haka, a 2007, wannan tsohuwar tasha da aka ce ba ta da sauran amfani ita ce ta zama matashin jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa Faransa. Waɗanda suka so rushe ta ba su san abin da gobe za ta bukata ba, haka kuma masu cewa a bar Gimi da Likoro ba su sani ba.

Saura na uku, mai cewa babu kuɗi. Wannan ya fi sauran kama da mai gaskiya, gama ƙasar da asibiti ke neman magani, makaranta ke neman benci, ba a yi mata wasa da kuɗi. Amma wane irin kuɗi ake magana? Ba wanda ya ce a shafa wa tasha zinariya. Gini irin wannan daga sama yake mutuwa. Fallen kwano ɗaya ya ɗaga, ruwa ya sami katako, katako ya ruɓe, rufi ya zauna, sa'an nan bango ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɓarawo ba ya cire ƙofar gidan da ya ga ana sharewa. Kuɗin 'yan fallayen kwano da ƙusa da kafinta na kwana biyu, da albashin mai gadi ɗaya, shi ne tsakanin gini mai rai da kufai. Wanda ya ƙi biyan wannan yau, shi ne gobe zai sa hannu a kwangilar sabon gini mai ninkin kuɗin sau ɗari, wanda ba zai kai rabin shekarun tsohon ba. Wannan ba tattali ba ne, ɓarna ce da ta sa rigar tattali.

Kuma gyara ba lalle sai gwamnati ba. A Ebute Metta, cikin harabar Reluwe ta Ikko, akwai wani tsohon gidan bene na wajen 1898, ana kiransa Jaekel House. Wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy ce ta gyara shi, da yardar Hukumar Reluwe, ya zama ɗan gidan tarihi, 'yan makaranta suna zuwa. Zariya, garin da layi uku suka taɓa haɗuwa, garin Jami'ar Ahmadu Bello da tsohon sashenta na koyon zanen gine-gine, garin da aka kafa makarantar koyon fasahar sufuri ta ƙasa a 1986, ba ta da hujjar kasa yin abin da 'yan sa-kai suka yi a Ikko.

Abin da ya kamata a yi a bayyane yake, kuma ba ya fi ƙarfin kowa. Da farko a ƙidaya. Malaman jami'a su tura ɗalibansu tasha tasha daga Zariya zuwa Calawa, su auna kowane gini, su zana shi, su ɗauki hotonsa, su rubuta abin da ya lalace da abin da ya saura, domin abin da ba a rubuta ba in ya ɓace ba mai cigiyarsa. Na biyu, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 don irin wannan aiki, ta sa tashar Zariya da ko ɗaya daga ƙananan cikin abin da doka ta tsare, har da tanki da sito da gidan shugaban tasha, gama tasha ba ɗaki ɗaya ba ce. Na uku, Hukumar Reluwe, wadda ke riƙe da amanar wannan dukiya tun 1955, ta toshe yoyo kafin kowace damina, in kuwa ba ta iyawa ta ba da aron ginin bisa sharaɗi ga waɗanda za su iya. Sito ya koma hannun jam'iyyar manoma su ajiye hatsi da taki, ɗakin jira ya zama ajin yaƙi da jahilci ko ɗakin karatu, da sharaɗin ba a fasa bango, ba a toshe baranda, kuma ran da jirgi ya komo a ba shi wurinsa. Gidan da ake kwana a ciki ba ya faɗuwa da wuri.

Na huɗu yana wuyan hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin Makarfi da Kudan da Ikara. Ta hannun sarauta aka tara mutanen da suka haƙa dogon, don haka ya dace ta hannun sarauta a tsare abin da suka bari. Dagacin da ya san kowace gona da iyakarta ba zai rasa sanin wanda ya kawo mota da dare ya loda ƙarfe ba. Su ne kuma za su iya tara tsofaffin ma'aikatan Reluwe da suka rage, masu tuta da masu waya da direbobi, a ɗauki maganarsu tun suna da rai, gama kowace shekara ana rage su. Na biyar, wakilan wannan yanki a majalisar Kaduna su ɗauki maganar jirgin gajeren zango su kai inda ake yanke shawara, su yi ta maimaita ta har a gaji da su.

Al'ummar da ba ta iya riƙon abin da ta gada, da wuya ta iya riƙon abin da ta saya, kuma sabuwar tashar da ake yi wa guɗa yau ita ce tsohuwar tashar jikoki. Yadda aka yi wa Gimi da Likoro haka za a yi wa Rigasa in ta tsufa, domin hali zanen dutse ne. Mutanen da aka fitar daga gonakinsu da diga a kafaɗa ba su bar suna a takarda ba, ba a san kabarin da yawansu ba. Abin da suka bari shi ne wannan tudun ƙasa da dogo ke kwance a kai, da waɗannan 'yan gine-gine masu baranda. Hakkinsu ne a kan na baya a tsare musu shi. Allah ya ji ƙansu, ya ba masu iko ikon gyarawa tun damina ba ta gama aikinta ba.